Tsaron Arewa: kunne ya girmi fiffike

A daren 26 wayewar 27 ga Oktoba 2020, wasu mutane ɗauke da bindigogi a kan babura suka dira ƙauyen Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, suka yi awon gaba da wani Ba'amurke mazaunin wurin, suka ƙetara da shi Najeriya. Kafin a cika kwana biyar, a daren 30 wayewar 31 ga watan, sojan Amurka sun sauko da laima cikin duhu kusa da dajin da aka ɓoye shi, sun kashe shida daga cikin masu tsaronsa, sun ɗauke shi ko ƙwarzane babu. Jiragen da suka kwaso su daga dajin wani irin samfuri ne da idon mutanen wannan yanki bai saba da shi ba. Suna tashi a tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu, in sun yi sama sai su kwantar da farfelarsu ta fuskanci gaba, su miƙe da gudu kamar jirgin fasinja. Sunansu CV-22 Osprey, kuma daga sansanin Rota na ƙasar Sifen suka taso, tafiyar kimanin kilomita 3,000, ana shayar da su mai a sararin sama.

Tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi tafiyar awa biyu ce a mota, don haka labarin bai sha wuyar isowa Arewa ba, kuma har yau bai tsufa ba. Duk lokacin da zancen tsaro ya tashi a tashar motar Dutsi, ko a rumfunan kasuwar Matankari, ko tsakanin ma'aikata a bakin ofishin farfe, ba a rasa mai cewa da Nijar tana da irin wannan jirgi da tuni an huta da ɓarayin daji. Maganar tana da zafi a ƙarƙashinta, kuma zafin gaskiya ne. Mutum ɗaya aka tayar wa da jirage daga Turai, alhali Ba'are ko Bafillacen da aka sace a wannan iyaka, sai dai danginsa su sayar da shanu, su fasa rumbu, su kai fansa da hannunsu. Wanda ya ga haka dole ya yi kwaɗayin fiffike.

To amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne, musamman in da kuɗin talaka za a biya shi. Tun da sojan Faransa suka kammala ficewa a Disamba 2023, na Amurka kuma a Satumba 2024, Nijar ta ɗauki nauyin sararin samanta a kanta, kuma babu makawa sai ta sabunta rundunar sojan samanta. Abin da ya rage a tattauna shi ne me za a fara saye, nawa za a biya, wa kuma zai duba rasit. Ɗan kasuwa da ma'aikaci suna da haƙƙin sa baki a nan, domin daga aljihunsu kuɗin ke fita.

Jirgin da ƙura ta haifa, ƙura kuma take kayarwa

Asalin Osprey wata kunya ce da Amurka ta sha. A Afrilu 1980 ta aika jirage masu saukar ungulu su ceto ma'aikatan ofishin jakadancinta da aka yi garkuwa da su a Tehran. Tafiyar ta yi musu nisa, guguwar ƙura ta tare su a hamadar Iran, wasu suka lalace, ɗaya ya yi karo da jirgin dakon mai, sojoji 8 suka mutu, aka koma gida hannu rabbana. Daga nan aka ƙudura ƙera jirgin da zai haɗa saukar ungulu da dogon zango. Ya fara tashi a 1989, amma sai a 2007 ya shiga aiki sosai, wato shekara 18 ana gwaji ana gyara, a ƙasar da ta fi kowace kuɗi da masana.

Ba a musun abin da yake iyawa. Yana gudun kusan kilomita 500 a awa, ninki biyu na jirgi mai saukar ungulu irin Mi-17, kuma ba ya bukatar filin jirgi. Sai dai tarihinsa cike yake da gawawwaki. Mutum 19 suka mutu a faɗuwa guda a Arizona a Afrilu 2000. Tsakanin Maris 2022 da Nuwamba 2023 ya faɗi a Norwe, da Kalifoniya, da Ostareliya, da tekun Japan, mutum 20 suka hallaka, har Amurka ta hana dukkan samfurin tashi daga Disamba 2023 zuwa Maris 2024. Akwai kuma haɗarin da ya fi kamata mutumin Arewa ya riƙe: a Mayu 2015, a tsibirin Hawai, wani Osprey ya zo sauka, iskar farfelarsa ta tayar da ƙura, injinsa ya shaƙi rairayi ya shaƙe, ya faɗo, sojoji 2 suka rasu. Duk wanda ya san rairayin Dallol Mauri, ya kuma san yadda hazo ke rufe Dutsi tsakanin Disamba da Fabrairu har mutum ba ya hango tsaunin da garin ya ci sunansa, ya san irin abincin da wannan inji zai riƙa ci a nan. Harsashi ma bai bar shi ba: a Disamba 2013, a garin Bor na Sudan ta Kudu, bindigogin ƙasa sun huda guda uku da suka je kwashe Amurkawa, sojoji 4 suka ji rauni, aka juya ba a sauka ba.

Sai batun farashi, wanda ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa. Ban da Amurka, ƙasa ɗaya tak ta saye shi, ita ce Japan. Cinikin da Amurka ta amince da shi a 2015, na jirage 17 da kayan gyaransu da horo, an ƙiyasta shi a kan dala miliyar 3. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Matankari mai tamma biyar ba. In an juya shi zuwa sefa ya haura miliyar 1,600, alhali kasafin kuɗin Nijar na shekarar 2024 gaba ɗayansa, da albashi da lakwal da asibiti da biyan bashi, miliyar 2,653 ne. Ko da an sami kuɗin, mai hajar ba zai sayar wa ƙasar da ta sallami sojansa ba.

Masu goyon bayan irin wannan jirgi suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Nijar faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000 ne, kuma tsakanin Agadas da iyakar Libiya akwai nisan da jirgi mai saukar ungulu ba ya iya cinyewa ba tare da ya sha mai a hanya ba. Rundunar ƙasa ta Amurka ma, a Disamba 2022, ta zaɓi wani sabon jirgi mai juya farfela, V-280, ya gaji Black Hawk, abin da ke nuna dabarar tana da gaba. Amma hujjar Kawar da Jado ce wannan, kuma ko a can jirgin dako C-130, wanda Nijar ta karɓi ɗaya daga Amurka a Janairu 2021, yana sauka a Dirku. Lissafin Arewa daban ne. Daga Yamai zuwa Matankari a miƙe kimanin kilomita 200 ne. Mi-17 zai yi shi cikin ƙasa da awa guda, Osprey cikin ƙasa da rabin awa. Ribar ke nan, minti talatin, a kan kuɗin da ya fi rabin kasafin ƙasa. In kuwa aka ajiye Mi-17 ɗin a Dogon Dutsi, da mansa da makanikinsa da matuƙan da ke iya tashi da dare, Matankari minti biyar ce, Dogon Kirya a arewa da Tibiri a kudu kowanne kamar kwata na awa. Tsohon jirgin da ke kusa ya riga sabon da ke nesa.

Abin da ya ceci mutumin Masalata

Mutane sun ga fiffike, shi ya sa suke zancensa. Abin da ba su gani ba shi ya yi aikin. Jaridun Amurka sun ba da labari a lokacin cewa ta hanyar bin sawun wayoyin ɓarayin aka gano inda suke, kuma cikin jiragen da suka raka aikin har da P-8, wanda ba ya ɗaukar ko soja guda na sauka ƙasa, aikinsa gani da saurare ne. Da ba a san dajin ba, da Osprey ya sha mansa a banza yana shawagi tsakanin Ƙonni da Sakkwato.

Wannan fanni shi masana ke kira yaƙin lantarki. Sunan ya fi abin ban tsoro. Duk na'urar da ke aika magana ta iska, wayar salula ce ko oba-oba ko Thuraya ko akwatin da ake sarrafa kurman jirgi da shi, tana barin sawu kamar yadda raƙumi ke bari a rairayi. Akwai na'urorin da ke jin wannan sawu, su nuna daga wace kusurwa ya fito. In biyu ko uku suka ji shi daga wurare dabam-dabam, sai a ja layuka a taswira, inda suka haɗu nan mai maganar yake. Akwai kuma masu cika iska da hayaniya a daidai zangon da abokin gaba ke magana, har oba-obarsa ta kurumce, ko kurman jirginsa ya rasa ubangidansa ya faɗo. Sauran aikin shi ne kare na gida kada a yi masa haka, da sa wa jirgi abin da zai gargaɗi matuƙi in an auna shi da makami mai linzami.

Abokin gaban da ke addabar Arewa ba shi da jirgin yaƙi, ba shi da tanka. Babur gare shi, da bindiga, da waya. Mutum talatin a kan babura goma sha biyar ba sa haɗuwa a mahaɗa guda cikin dare sai sun yi magana da juna, ba sa karɓar fansa sai sun kira dangin wanda suka kama, ba sa sayar da shanun sata sai sun nemi dillali. A wayar nan rauninsu yake, kuma sun sani, shi ya sa a jihar Tillaberi turakun tarho na cikin abubuwan da suke fara karyawa. Yanzu sun ƙara da akwatunan Starlink da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, da ƙananan kuramen jirage na kasuwa waɗanda suke leƙen barikoki da su, wani lokaci su rataya musu abin fashewa.

Ba labarin nesa ba ne. A 12 ga Yuni 2024 an kashe sojan Nijar 6 kusa da ƙauyen Salkam, cikin gundumar Tibiri, suna sintirin bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000. A Nuwamba na shekarar rundunar Najeriya ta fito fili ta ambaci Lakurawa, waɗanda suka yi sansani a dazukan Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, kuma cikin watan suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Kabi. Waɗannan wurare maƙwabtan Arewa ne na jini da aure da kasuwa. Sojan da ke cikin motar sintiri a hanyar Salkam, abin da ya fi bukata shi ne wanda zai ce masa, minti goma kafin ya iso kwanar, akwai oba-oba huɗu da ke magana a gabansa.

Tongo Tongo ta riga ta koyar da wannan darasi da jini. A 4 ga Oktoba 2017 aka yi wa ayarin sojan Nijar da na Amurka kwanton ɓauna a can, Amurkawa 4 da ƴan Nijar aƙalla 4 suka mutu. Rahoton ma'aikatar tsaron Amurka na Mayu 2018 ya nuna an yi kusan awa guda ana wuta kafin a nemi agaji. Jiragen Mirage na Faransa sun iso, masu gudun da ya ninka na Osprey sau da yawa, amma ba su saki ko bam ɗaya ba, saboda matuƙan sun kasa bambance nasu da na abokan gaba a ƙasa. Sai dai suka yi ta wucewa ƙasa-ƙasa don tsoratarwa. Gudu bai yi ƙaranci ba a ranar. Sani ne ya yi.

In kuwa aka saki bam ɗin ba tare da sanin ba, abin ya fi muni. A Fabrairu 2022 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam a ƙauyen Nacade na gundumar Madarunfa, gwamnan Maraɗi na lokacin ya ce yara 7 suka mutu. A Disamba 2023 kurman jirgin sojan Najeriya ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka binne mutum sama da 80. A Janairu 2024 hukumomin Yamai da kansu suka amsa cewa farmakin sama a Tiyawa, kusa da iyakar Burkina Faso, ya rutsa da fararen hula. A 25 ga Disamba 2024 an sake yi a ƙaramar hukumar Silame ta Sakkwato, wajen farautar Lakurawa, mutum 10 suka tafi. Daga sama, ayarin masu zuwa ɗaurin aure a kan babura da ayarin ɓarayi kamarsu ɗaya. Ƙasar da ta ƙara yawan masu jefa bam ba ta ƙara yawan masu tantancewa ba, makoki ta saya wa ƙauyukanta.

Nijar ba daga sifiri za ta fara ba. Tana da ƙananan jiragen leƙe irin DA42 da Cessna 208, tana da Su-25 guda biyu da ta saya a 2013, kuma a 2022 ta karɓi kuramen jirage Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Amma shi ma kurman jirgi da igiyar rediyo yake rataye. A farkon yaƙin Yukren a 2022 an yi ta yabon TB2, da Rasha ta girka na'urorin kakkaɓowa da na toshewa sai labarinsa ya ja baya. Ranar da ƴan bindigar Sahel suka sami ko ƙaramar na'urar toshewa, kuma kasuwar duniya cike take da su, wanda bai shirya kare igiyarsa ba zai ga dukiyarsa tana faɗowa kamar fara.

Kada kuma a ɗauka na'ura maganin kome ce. Mai toshe waya yana hana nakiyar da ake tayarwa daga nesa, amma nakiyoyi da yawa a hanyoyin Sahel nauyin taya ke tayar da su, kuma waɗannan ba ruwansu da zangon rediyo. Sannan na'ura sauti kawai take kawowa. Sai an sami wanda ya ji Fillanci da Zabarmanci da Hausar Arewa da Buzanci, wanda ya san sunan kowane tafki da kowace tunga tsakanin Bagaji da Sukukutan, kafin sautin ya zama labari. Irin waɗannan yara suna nan, wasu sun gama jami'ar Abdu Mumuni, wasu EMIG, wasu jami'ar Doso da aka kafa a 2014, da yawansu suna zaune ba aiki ko suna kabu-kabu. Horar da ɗari daga cikinsu, da biyansu albashin da zai hana su gudu, bai kama ƙafar kuɗin farfela ɗaya ba. Sai dai irin wannan kashe kuɗi ba ya fitowa a faretin 18 ga Disamba, ba kuma ya barin wani babban kaso ga ɗan kwangila, wataƙila shi ya sa ba a cika jin masu kare shi ba.

Akwai wata gurguwar dabara da ya wajaba ƴan kasuwa su yi tsayin daka a kanta tun kafin ta iso. A Satumba 2021 hukumomin Najeriya sun rufe tarho baki ɗaya a Zamfara, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, wai don a kurumtar da ɓarayi. Ciniki ya tsaya, aika kuɗi ya tsaya, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa yadda zai kira soja, su kuwa ɓarayin na bakin iyaka suka koma amfani da layukan Nijar. Mai sayen wake a Matankari wanda ke jin farashin Kamba da na Yamai ta waya kafin ya ɗora buhu a mota ya san abin da mako guda ba tarho zai yi masa. Rufe layin jama'a duka aikin wanda ya kasa ware muryar ɓarawo ne daga ta mai gona, kuma yana toshe kunnen gwamnati tare da na kowa.

Wannan labari ya nuna wani abu kuma: igiyar rediyo ba ta tsayawa a shingen duwan. Wayar da aka kunna a dajin Gudu ana iya jin ta daga ƙasar Dutsi, wadda aka kunna a Dogon Kirya ana iya jin ta daga Tangaza. In Yamai da Abuja ba sa musayar abin da suka ji, kowace rabin zance take riƙe da shi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da barazanar CEDEAO dangantakar ta yi tsami, ko da yake hafsan hafsoshin Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya zo Yamai a Agusta 2024 ya gana da Janar Musa Salau Barmu. Siyasa tana da nata lissafi, amma ɓarawon shanu ya daɗe da gane cewa iyakar da Turawa suka ja ta raba sojoji biyu, shi ba ta raba shi da kome ba.

Wa zai duba rasit?

A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma a nan ne aka fi son a yi shiru. A 10 ga Disamba 2019 an kashe soja 71 a Inates. A 9 ga Janairu 2020 an kashe 89 a Shinagodar. Ƙasa tana cikin wannan makoki sai ga binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, zamanin minista Isufu Katambe, ya fito da cewa kimanin sefa miliyar 76 sun salwanta a cinikin kayan soja, wani ta hanyar aringizon farashi, wani kuma an biya kayan ba su zo ba. Cikin cinikin da aka fi zance a kai har da na jirage masu saukar ungulu biyu samfurin Mi-171. Daga baya masu gabatar da ƙara sun rage adadin, aka shiga sasantawa da ƴan kwangila. Waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai a 15 ga Maris 2020 suna neman a hukunta masu laifi, su aka fara kullewa, mutum 3 kuma suka mutu a gobarar kasuwar Tagabati a ranar.

In an iya yin haka da jirgi, wanda kowa ke iya ƙirgawa a filin Yamai, ina ga kayan lantarki? Akwati ne baƙi da ƴan wayoyi. Ba mai iya duban sa ya ce na miliyan 50 ne ko na miliyar 5, kuma in bai yi aiki ba, sojan da zai ba da shaida ya riga ya kwanta dama. Babu hajar da ta fi wannan daɗin sata, tun da sirrin tsaro ya lulluɓe ta tun daga masana'anta. Duk da haka, a 23 ga Fabrairu 2024 aka sa hannu kan wata doka da ta fitar da sayayyar kayan tsaro daga ƙarƙashin dokokin kwangilar gwamnati da na lissafin baitulmali, ta kuma yafe mata haraji. Hujjar ita ce gaggawa, kuma gaskiya ne yaƙi ba ya jiran takarda. Amma waɗanda suka hau mulki suna zargin na jiya da wawure kuɗin soja, su ya fi kamata su ƙara fitila a ɗakin da aka yi satar. Majalisar dokoki zaɓaɓɓiya babu ita tun Yuli 2023, jam'iyyu kuma an rushe su a Maris 2025. Tun Oktoba 2023 ake tara asusun ceton ƙasa, ana tsakurar wani abu daga kuɗin tarho da tikitin mota da man fetur. Wanda ake cirewa a wayarsa kullum bai yi rashin kunya ba in ya tambayi abin da aka saya. Ba a ce a buga zangon rediyon soja a jarida ba. Ana iya ɓoye yadda na'ura ke aiki, a bayyana wa alƙalai masu rantsuwa nawa aka biya, wa aka biya, kuma kayan sun iso ko ba su iso ba.

Kunnen ma kansa yana da nasa haɗari. Na'urar da ke jin Lakurawa ita ce ke jin ɗan jarida, da shugaban ƙungiyar ƙwadago, da ɗan kasuwar da ke takara da na kusa da fada. A Mayu 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar sauraren wayoyin jama'a, ƴan adawa suka ƙaurace, domin ta danƙa ikon ba da izini a hannun shugaban ƙasa maimakon alƙali. Waɗanda suka kaɗa mata ƙuri'a suna ganin kansu a inuwa. Bayan shekara uku wasunsu suka wayi gari a tsare, dokar kuma tana hannun wasu. Waɗanda suka halarci babban taron ƙasa na 1991 ba su manta da yadda aka tone ayyukan ƴan sandan ciki na zamanin Kunce ba, lokacin da mutum ke waiwaye kafin ya yi magana a gidansa. Arewa kuwa tana da tunin da ya fi wannan tsufa. A Afrilu 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa wannan ƙasa da bindigogin da ba wanda ya taɓa ganin irinsu, ya yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ya wuce ya yi wa Birnin Ƙonni kisan ƙare dangi. Makamansu na zamani ne a lokacin, kuma sun yi nisa da duk wanda zai tambaye su. Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, harbe shi suka yi a watan Yuli.

Ko an sayi jirgin, sai an iya riƙe shi. Rundunar saman Nijar tarin kayan ƙasashe ne: na Amurka, na Rasha, na Yukren, na Faransa, na Turkiyya, kowanne da nasa kayan gyara da nasa makaniki da nasa sharaɗi na siyasa. Duk direban da ya taɓa ajiye mota wata uku a garejin Dutsi yana jiran ƙarfe ɗaya daga Kwatano ya san ma'anar wannan. Jirgin da ke ƙasa kuma nama ne: a 17 ga Satumba 2024 ƴan bindiga sun kutsa filin jirgin Bamako har suka cinna wa jirgin shugaban ƙasa wuta, a ƙarshen Janairu 2026 kuma aka kai hari filin jirgin Yamai, inda sansanin sojan sama na 101 yake. Mutanen da suka zo a kan babura sun isa inda dukiyar ƙasa ta fi taruwa.

Bukatar Matankari da Kiyeshe da Kore Mairuwa da Gesheme ba ta da ƙyalli. Jirage masu saukar ungulu biyu ko uku a kusa, waɗanda ke tashi da dare, su ɗauki soja su kuma ɗauki mai rauni. Tashoshin saurare a kan tsaunukan da ke gefen Dallol, da yaran ƙasar a cikinsu. Turakun tarho masu gadi, da lamba ɗaya da maigari ko makiyayi zai kira a ɗauka, ba tare da sunansa ya koma kunnen waɗanda ya tona ba, domin mutanen karkara sun ga abin da ke samun wanda aka sani ya yi magana da soja. Makiyayin da ya ga babura ashirin sun sha ruwa a tafki da la'asar ya riga kowace na'ura sani, kuma yau in ya kira, jirgin da zai amsa masa sai ya taso daga nisan kilomita 200.